Mama Na Danna Lambar Baba a Rimot

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan unguwarmu a nan, kuma ba na so maganar ta koma kunnen mahaifiyata ta bakin wani. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, kuma kwana uku kacal gare ni.

Ni mace ce, malamar firamare, ina zaune a Tudun Wada nan Minna tare da mahaifiyata. Aurena ya mutu shekara huɗu da suka wuce na dawo gida, to ni ce ke kula da ita. Yayana namiji yana Sauka Kahuta da iyalinsa, sai ranar Juma'a yake leƙo mu.

Wajen shekara biyu ke nan wata mata ta yi sallama gidanmu, da jaka da katin aiki rataye a wuya, zan kira ta Anti Ladi duk da ba sunanta ba ke nan. Ta ce kamfaninsu ne ke ƙirga abin da mutane ke kallo, domin gidajen talabijin da masu talla su san shirin da ake kallo da wanda ba a kallo, kuma an zaɓi gidanmu. Ni dai na ɗauka 'yan damfara ne, har na fara yi mata kallon banza, amma Babanmu ya sa aka shimfiɗa mata tabarma, ya yi ta yi mata tambayoyi kamar shi ne zai ɗauke ta aiki, daga ƙarshe ya sa hannu. Suka ɗora wata 'yar na'ura a kan talabijin, suka ba mu rimot na daban. Kowa da lambarsa, Baba ɗaya, Mama biyu, ni uku, sai wani maɓalli na baƙo. In an kunna talabijin na'urar za ta yi ta ƙyafta wuta tana tambayar wa ke kallo, sai ka danna lambarka, sunanka ya fito da koren rubutu, in za ka tashi kuma ka sake dannawa. Iyakar aikin ke nan.

To Baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shekara da shekaru yana ba jirage hanya a tasha, kuma haka ya ɗauki wannan rimot, kamar aikin gwamnati. Ko ɗakin girki na shiga duba tuwo sai ya ƙwala min kira in zo in kashe lambata, wai ai ba na kallo. Na taɓa danna ta Mama bisa kuskure na bar ta haka, wallahi ranar na sha faɗa kamar 'yar shekara goma, ya ce wanda ya danna lambar wani shaidar zur ya yi, kuma a aikinsu rubuta ƙarya a littafi rai take ci. Muna yi masa dariya ni da Mama, muna ce masa shugaban tasha. Ƙarfe bakwai na yamma yana dawowa daga masallaci zai zauna a kujerarsa, ya danna ɗaya, BABA ya fito a na'ura, ya kalli labaran Hausa yana gardama da mai karantawa, Mama na gefe tana gyaran wake ko tsinke alayyahu.

Wata takwas ke nan da Allah ya yi wa Baba rasuwa, ciwon kwana biyar. A cikin hidimar zaman makoki ko tunawa da wata na'ura ban yi ba, ga shi a takardar da muka sa wa hannu an rubuta duk wani canji a gida a sanar da su. Mama ta shiga takaba, ba ci ba magana, ta rame har zobenta na zamewa, jininta kuma ya hau, likita ya ce mu kiyaye duk abin da zai tayar mata da hankali. Wata rana bayan arba'in na dawo daga makarantar yamma, sai na tarar an kunna talabijin, Mama na zaune a wurinta da tire a cinya, kujerar Baba babu kowa, amma ga BABA da koren rubutu a na'ura. Mama ba ta yi boko ba, amma waɗannan haruffa huɗu ta san su. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. Ranar ce ta fara cinye abincinta, ni kuma na ƙyale ta, na ce a raina kwana biyu ne za ta daina.

Ba ta daina ba. Kullum ƙarfe bakwai sai ta danna ɗaya, sannan ta danna biyu, in an gama labarai ta kashe ɗaya tukuna, daidai yadda yake yi. In babu wuta sai na tayar da janareto, ko da ragowar mai na kwalba ne. Ba ta yi masa magana, ba ta ajiye masa abinci, sallarta da azkar ɗinta lafiya lau, kada wani ya ce taɓin hankali ne. Wannan rabin awar ce kawai, kuma tun da ta fara jikinta ya dawo, har biki ta je Sabon Gari watan jiya.

Yayana ya gani wata Juma'a da ya yi yamma a gidan. Ya ja ni waje ya wanke ni tas, wai rashin tawakkali ne, wai ni mai ilimi ina kallo ana wasa da sunan mamaci, kuma ha'inci ne ga mutanen da suka yarda da mu. Na ce masa shi da yake zuwa sau ɗaya a sati ai da sauƙin wa'azi, ya zo ya zauna da ita ranar da ta ƙi cin abinci. Muka rabu baram-baram, amma ya tafi da rimot ɗin a aljihunsa ban sani ba. Kwana biyu a jere, ƙarfe bakwai sai Mama ta shige ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya, abinci kuma cokali biyu. A rana ta uku na hau keke Napep na je har shagonsa na karɓo, shi ma da ya ji bai yi musu ba, sai dai ya ce alhakin yana wuyana.

Ga inda na ƙara jefa kaina. Anti Ladi kan kira duk bayan 'yan watanni ta ji ko na'ura lafiya, kuma sun saba da Baba sosai, Baba na jirgi take ce masa, in ta je garinsu a kudancin Kaduna har citta take kawo masa saboda tarinsa. Kira na farko bayan rasuwar ta ce a ba ta shi, bakina ya riga tunanina na ce ya tafi masallaci. Na biyu na ce yana hutawa. Ta yi dariya ta ce a duk gidajen da take dubawa babu mai kiyaye ƙa'ida irin Baba, bai taɓa fashin labaran bakwai ba, har misali take yi da shi. Da na ajiye wayar sai da na shiga banɗaki na yi kuka, mutumin da bai yarda a bar lambar wani na minti biyar ba, yau shi nake yi wa ƙarya da sunansa.

Jiya ta sake kira. Ranar Alhamis za ta zo tantancewar da suke yi, dole ta ga kowa da idonta, kowa ya sake sa hannu a fom. Na yi dabara na tambaye ta, wai a madadin wata maƙwabciya, in mutum ya bar gida me ake yi. Ta ce ana goge lambarsa nan take, kuma gida irin namu saboda akwai dattijo namiji aka zaɓe shi, in babu shi galibi kwashe na'urar ake yi a kai wani gidan. Ta ƙara da cewa in gaya wa Baba cittarsa na nan tafe.

Yau da safe na yi ta maza na zaunar da Mama na faɗa mata komai. Na zaci za ta yi kuka ko faɗa, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Ke kina ganin ban san ya mutu ba? Ni na yi masa takaba. Amma ofishin fansho sun goge shi, banki sun goge shi, layin wayarsa an ba wani, ko katin biki yanzu sunan yayanki ake rubutawa. Wannan abin ne kaɗai ya rage da yake tambaya ko yana nan." Daga nan ta tashi ta ci gaba da shara.

To 'yan uwa ga ni. In na faɗi gaskiya za a cire na'urar, kuma na riga na ga abin da kwana biyu kawai suka yi wa Mama. In na sake yin ƙarya, sai dai in ce ya yi tafiya ko in sa hannu a madadinsa, ban san ko zan jefa aikin baiwar Allah nan cikin matsala ba, ita da take yabonsa a ofis, kuma na san Baba da kansa ba zai yafe min wannan ba. Na yi tunanin in roƙe ta ta bar mana na'urar ko ba a haɗe take da komai ba, amma ba tata ba ce, kuma sai na fara gaya mata wata takwas ina yaudararta. Wallahi na gaji, kuma tsoro nake ji, uwa ɗaya ta rage min.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan ƙirgar, ana barin na'ura in an roƙa? Malamai na zauren nan, abin da Mama ke yi laifi ne, ko ni ce mai laifin da na yi shiru? Kuma ranar Alhamis, in Anti Ladi ta yi sallama ta miƙo ƙullin citta ta ce ina Baba na jirgi, Mama na zaune tana kallona, me zan ce mata?