Kwantaccen Cikin Inna

Gidan Nababa, ta Bagwai

Zuwa ga Yayata Asama'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da su Najib. Mu ma alhamdu lillahi. Ruwa ya zauna, gero ya kai ƙugu, su Baba suna maimai.

Na ba Sabo direba wannan takarda ne don maganar ba ta waya ba ce. Wayar Baba ce kaɗai a gidan, kuma kin san Inna ba za ta faɗa miki da bakinta ba, ke 'yar fari ce. Ba ta san na rubuto ba.

Kin tuna kumburin da ta yi bayan haihuwar Rumaisa, da aka ce ciwon zuciya ne, har aka hana ta kunun kanwa? Ya dawo. Daga rijiya zuwa ɗaki sai ta zauna tana haki. Baba ya kai ta asibiti a Bici, ni na raka ta. Likitar mace ce. Ta yi mata hoto, ta ce akwai juna biyu na wata biyu. Ta ce zuciyar ba ta warke ba, tana tsoron ba za ta kai Inna har haihuwa ba. Shawararta a cire cikin tun yana ƙarami, a babban asibiti a Kano. Ta ce ba dole ba ne, amma da yayarta ce abin da za ta gaya mata ke nan.

Inna ta gyara mayafi ta ce an gode. A mota abin da ta tambaye ni kawai shi ne ko na zuba wa awaki dusa.

Baba ya ce shi manomi ne, abin da likita da malamai suka haɗu a kai shi zai sa wa hannu. Tun ranar bai sake maganar ba.

Ki gaishe da mutanen gida. Ki yi haƙuri da rubutuna.

Ƙanwarki,
Tahira

*

Rijiyar Zaki, Kano

Tahira,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe da Baba da Inna da yara. Ke da ba kya iya gaishe da baƙo sai ta bayan ƙyaure, ashe a takarda bakinki har kunne. Kin kyauta da kika faɗa mini.

To me ake jira? Rumaisa ko yaye ba a daɗe da yi mata ba, ga Kamaruddeen, ga ke, wa za a bar wa ku? Na nuna wa maƙwabciyata takardarki, nas ce, ta ce irin wannan ciwon ba a yi masa wasa, kuma doka ma ta yarda idan ran uwa ake ceto. A Islamiyyarmu an karantar da mu cewa sai ciki ya cika wata huɗu ake busa masa rai. Wannan wata biyu ne. Inna kuwa rai ce cikakkiya, mai 'ya'ya, mai miji.

Baban Najib ya ce zai aiko da mota duk ranar da aka shirya, kuma a gidanmu za ta sauka. Ki karanta mata wannan daga farko har ƙarshe, kada ki haɗiye rabi don kunya. In ta yi faɗa ki ce ni na sa ki, ai ba ta iya kiran sunana ba bare ta zage ni.

Allah ya ba ta lafiya.

Yayarki,
Asama'u

*

Gidan Nababa

Zuwa ga Yaya Asama'u,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na karanta mata duka. Tana tsintar wake, ta juya mini baya har na gama. Ba ta yi faɗa ba.

Ta ce in gaya wa ta Kano cewa cikin ba na wata biyu ba ne. Ta ce tun daminar bara ta same shi. Ta yi ɓatan wata uku a lokacin, sai ta ga jini kaɗan, daga nan shiru. Ta je wajen Aina'u ungozoma, ta taɓa ta ta ce cikin bai fita ba, kwanciya ya yi, zai tashi in lokacinsa ya yi. Inna ta ce shi ne ya tashi yanzu. A lissafinta ya haura shekara, an daɗe da busa masa rai, kuma ita ba za ta kai mutum mai rai a fitar da shi don ta samu numfashi ba.

Aina'u ta shigo da yamma karɓar tsaki, Inna ta sa na maimaita mata abin da hoton ya nuna. Ta yi dariya ta ce, “Na'ura girmansa ta gani, ta ga shekarunsa? Ai wada ma ƙarami ne, amma da gemunsa. Sabon nan da ke kai muku takarda da hannuna na karɓe shi, shekara biyu ya yi a cikin uwarsa, shi ya sa har yau ba ya zuwa da wuri.”

Na ce likita ta ce na bara ɓari ne, wannan sabo ne. Aina'u ta ce, “Ke 'yar firamare, yaushe aka yanke miki cibi? Ni na yanke.” 

Inna ta ce ba Aina'u kaɗai ba, Kawu Malam ma ya taɓa karantarwa a zaurenmu cewa ciki yana iya shekaru, yana cikin littafi. Ko za ki sa shi ya yi mata magana? Shi take jin nauyi.

Ƙafafunta sun fara cika takalmi. Tana shan maganin da aka ba ta.

Ƙanwarki,
Tahira

*

Bici

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Abdussalam zuwa ga ƙanwata Fadima, ta bakin 'yarmu Tahira. Aminci ya tabbata a gare ki da maigidanki Malam Sama'ilu da iyali baki ɗaya. Bayan haka:

Asama'u ta zo har makaranta ta same ni. Gaskiya ne na karantar cewa malaman fiƙihu sun ambaci ciki mai daɗewa, ba zan janye ba. Sai dai ki sani sun kawo shi ne a babin shari'a, don kada a ɓata wa mace suna ko a raba ɗa da ubansa a kan zato. Ba su kawo shi don mara lafiya ta ƙi jin likita ba. A sha'anin jiki, maganar likita amintacce ita ake bi.

Game da cirewa, mazhabarmu ta tsananta ƙwarai, ko kafin a busa rai. Wasu malaman sun sassauta kafin wata huɗu idan akwai lalura. Idan ran uwa ne a kan hatsari, malamai da yawa na wannan zamani sun yarda a ceci uwa, har bayan wata huɗun ma, in likitoci sun tabbatar babu wata hanya. Amma kafin lokacin ya fi sauƙi, a shari'a da a zuciya. Likitarki ta ce tana tsoro, ba ta ce ta tabbatar ba, kuma babu wanda ya san gaibu. Don haka ba zan ce miki wajibi ne ba, ba kuma zan ce kin yi laifi in kin yarda ba.

Wannan maganar malami ce. Maganar yayanki kuwa, Fadima, mu biyu muka rage a ɗakinmu. Ki shiga motar.

Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Wassalam.

Yayanki,
Abdussalam

*

Gidan Nababa

Zuwa ga Yaya Asama'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da yara. Ki ba Baban Najib haƙuri da motar ta koma ba kowa.

Na karanta mata takardar Kawu sau biyu. Da na gama ta ce, “Ya ce littafin ƙarya ne?” Na ce a'a. Ta ce, “Ya ce dole ne?” Na ce a'a, amma ya ce ki shiga mota. Ta ce, “Wannan Yaya ne ya faɗa, ba Malam ba. Yaya kuwa tun muna yara matsoraci ne, ko kaza ba ya iya riƙewa a yanka.”

Ba ta ce ba za ta je ba. Ranar da motar ta zo ta ce a bari a gama yankan gero, Baba ya kira gayya, wa zai dafa wa mutane? Ni na dafa, tana zaune a kan turmi tana nuna mini. Da aka gama ta ce sai an cire gyaɗarta ta bayan gida. Baba ya ce shi zai cire mata. Ta ce ya taɓa ganin an bar wa namiji gyaɗar mace ta dawo daidai? Ya yi murmushi ya fita. Na gan shi a zaure zaune, bai kunna rediyo ba.

Kin aiko Sabo ya tambaye ni me ya sa ban matsa mata ba, kuma ni wane ɓangare nake. Ban sani ba, Yaya. Idan na karanta takardarki sai in ga ke ce da gaskiya. Idan na ga yadda take kare cikin da hannu in za ta wuce ta ƙofar awaki, sai in kasa magana. Ita ba wata biyu take gani ba, ɗa take gani da ta jira shekara guda. Ni dai ina so ta rayu. Na faɗa mata haka sau ɗaya ina daka, ban ɗago kai ba. Ta ce in lura da tsakin, yana zuba.

Ƙanwarki,
Tahira

*

Rijiyar Zaki

Tahira,

Salam. Gyaɗa! Ki ce mata zan saya mata buhu. Wata yana tafiya, ita ma ta sani, da gangan take yi. Na yi kuka har Najib ya tambaye ni wa ya mutu. Ranar kasuwa mota za ta sake zuwa, kuma ina ciki. In kunyata take ji, ta rufe fuska har Kano.

Asama'u

*

Gidan Nababa

Zuwa ga Yaya Asama'u,

Assalamu alaikum. Jiya da hantsi cikin ya motsa. Inna ta kama hannuna ta ɗora a wurin, na ji.

Ta ce in rubuta miki cewa yanzu lissafinta da na likita sun haɗu, kowa ya yarda da rai, ba sauran gardama. Ta ce ku zo da motar, za ta je asibitin ta kwanta su lura da su, su biyun, iya abin da Allah ya ba su iko.

Ba ta iya kwanciya yanzu sai a jingine. Ku zo da matashi biyu saboda hanya.

Ƙanwarki,
Tahira