Sun Tafi Vietnam Ba Ni

Kawu Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba. Yaya ƙarfin jiki, yaya Inna da yara, yaya albasar fadama bana?

Kawu, mahaifin matata Maryam na kwance a Vietnam, jiki ya yi tsanani. Yana son ganin jikokinsa da ni surukin da bai taɓa gani ba. Ƙasarsu na bai wa iyalan mutanenta takardar shiga ba biza. Yara sun samu, ni kuwa anka ce in kawo shaidar aure ta hukuma. Mi zan kawo? Auren da kunka ɗaura ƙofar gidanka a Wurno, tsohon na ba da ita ta waya, goro da fatiha ne shaidarsa.

Ban ga laifinsu ba, ai ba su san Liman ba. Amma na gaji, Kawu. Jiya na raka Maryam da yara filin jirgi, na dawo ɗaki ni kaɗai nan Malesiya.

Don Allah ka ɗauki Liman ku je kotu a rubuto mini shaidar auren. Ka gaida kowa. Ku sa tsohon cikin addu'a, Allah ya sa in iske shi.

Ɗanka,
Bello