Randar da Kika Kifa wa Bushiya

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa, da fatan kina cikin ni'imar da muke roƙa miki kullum, na zo miki da labarin gida, kuma ba duka ne mai daɗi ba.

Aikin Abban Safiyya a asibiti ya ƙare, an buga mana bizar fita, ƙarshen makon nan za mu koma Haɗeja. Mai gidan da muke haya a unguwar Bani Harisa, a nan Madina, har ya sauke siminti da tayil a ƙofa, yana jiran mu miƙa makulli ya shafe tsakar gidan gaba ɗaya. Ita kuwa bushiyarki tana nan cikin ɗakin da kika yi mata, har ta haihu a ciki.

Kin tuna ranar da ta fara fitowa? Muna shan iska bayan magariba sai ga ta daga gindin lalle. Ni na ɗage ƙafafu ina salati, ke kuwa dariya har da tafi. Kika ce tunda kika baro gida ba ki ga idon sani ba sai yau. Na ji haushi fa, Inna. Ga ni 'yarki a zaune, amma bushiya ce 'yar garinku.

Washegari kika sa na jawo miki randar nan da ta tsage. Kika zauna kina ƙwanƙwasa gefenta da dutse a hankali har kika fitar da ƙofa, daidai shigar bushiya, ta yi wa kyanwa kaɗan. Kika kifa ta a inuwar katanga, kika cusa busasshen ganye a ciki, kika lulluɓe ta da ganyen dabino da laka saboda zafin Madina. Daga ranar tsintsiya ta haramta a wannan kusurwa. Kika hana fesa maganin ƙwari, kika ce duk wanda ya kashe mata abinci shi zai riƙa tsince kunamun gidan da hannunsa. Ruwanta a faranti marar zurfi, ga katako kin jingina cikin ramin magudana don in ta faɗa ta sami abin hawa. Madara kuwa tunda kika ga ta ɓata mata ciki ba ki sake ba ta ba.

Da sanyi ya shigo ta daina fitowa, hankalinki ya tashi. Kika leƙa ta kan katanga kina gaya wa maƙwabciyarmu Ummu Fahad, da ɗan Larabcinki na cefane, wai bushiyarki ta ɓata. Baiwar Allah ta yi ta jajanta miki. Da la'asar sai ga ta da baƙin mayafin rufe fuska sabo fil a leda, ashe su shi suke kira bushiya. Kika sa hannu biyu kika karɓa, don ke ba kya mayar da kyauta. Ranar da 'yar ƙayar taki ta sake fitowa kika kira Ummu Fahad kika nuna mata, ta dafe ƙirji tana "gunfuz, gunfuz", sunanta ke nan a wajensu, kuka yi ta dariya har da hawaye. Daga nan kuka ƙulla aminci, ke ba Larabci, ita ba Hausa.

Da Allah Ya karɓi abinsa, aka yi miki salla a Masallacin Annabi, aka kai ki Baƙi'a, abin da kika daɗe kina roƙo. Wallahi na yi miki murna. Amma mu mata ba ma shiga, iyakata bakin shinge, in tsaya ina kallon ƙasa da duwatsu duk iri ɗaya, ban san wanne ne naki ba. Ko Abban Safiyya da ya sa ki da hannunsa, in na tambaye shi sai dai ya nuna mini wajen can. Shi ya sa duk lokacin da kewarki ta taso mini, gaban randar nan nake zuwa in tsuguna. A duk faɗin garin nan ita kaɗai ce abin da hannunki ya yi wanda nake iya taɓawa.

Na roƙi mai gidan ya bar wannan kusurwa. Ya saurare ni cikin mutunci, sannan ya ce wanda zai shigo mota zai riƙa ajiyewa a wurin. Ummu Fahad ce ta sa aka cire bulo a gindin katangar da ke tsakaninmu, muka yi wani ɗakin a lambunta, kusa da na'ana'a, yadda na ga kin yi. 'Ya'yan sun yi ƙwari, suna bin uwarsu su ratsa su yi kiwo a can, amma kafin gari ya waye sun dawo randarki. Muka toshe ramin katangar suna can, sai suka zagayo ta titi, inda motoci ke wucewa, suka shigo ta ƙarƙashin ƙofa, dole muka sake buɗe shi. A nan na gane muddin ɗakinki yana tsaye ba za su tare ba, kuma ma'aikata ba za su tsaya leƙa ciki ba kafin su sa diga.

Jiya bayan magariba, da na ga sun ratsa, na kwashe ganyen da suke kwana a kai na miƙa wa Ummu Fahad ta zuba a sabon ɗakin, don su ji ƙanshin da suka saba. Sannan na yi bisimilla na ɗaga randar. Niyyata in tafi da ita gida, amma tsagar nan ta daɗe, laka ce kawai take riƙe da ita, sai ta wargaje a hannuna. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ko ranar rasuwarki ban yi irinsa ba.

Da safen nan Ummu Fahad ta leƙo ta kan katanga, ta haɗa tafukanta ta kwantar da kumatu a kai, ta nuna mini lambunta. A can suka kwana, Inna, uwar da 'ya'yan duka. Su sun sami wurin zama, ni ce zan bar Madina ba ni da inda zan tsuguna in ce ga ni.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya bar ki a maƙwabtakar da kika roƙa. Yadda kika yi wa ƙaramar halittarsa inuwa, Allah Ya yi miki inuwa ranar da babu wata sai tasa. Ya haɗa fuskokinmu a inda babu shinge tsakanina da ke.

Taki har kullum,
Hauwa'u