Kayan 'Yar Tsanar Yayata Suna Ƙasan Akwatina

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada a yi saurin zagina, zagin da nike yi wa kaina ya ishe ni.

Ni matar aure ce a Sabon Birni, na yi makarantar 'yan mata a Sakkwato. Tun muna yara ni da yayata, wadda ke aure a Isa, muke tara kayan 'yar tsana: 'yan tukwane, ɗan turmi, dunƙulen fura na farar ƙasa da bai fi gujiya ba. Kakarmu ta bar mana nata na da, muka raba, kowa ta yi wa 'yar tsanarta jere a kusurwar ɗaki kamar na amarya. To mijin Yaya falke ne, yana shiga ƙasar Faransa, wadda ke nan ƙetaren iyakarmu. Shi ya samo mata tsofaffin kofunan shayi na tangaran, kowane kamar kan ɗan yatsa, da ɗan burodi har da tsagarsa. Ranar sunan ɗanta mata suka yi cincirindo suna leƙe, wata ta juyo ta ce mini, "Ke naki har yau na laka ne?" Na yi dariya, amma wallahi ko tuwon sunan ban iya haɗiyewa ba. Mi Yaya ta rage ni da shi? Ba ita ta goya ni ba?

Da aka watse na ce, "Yaya, ni fa tsoro nike ji miki. Mala'iku ba su shiga ɗakin da ke da siffa." Ta ce, "Haba ƙanwa, wagga? Karan dawa ne fa, ko ido ba ta da shi!" Na ce, "Ni dai na faɗi, kuma ni na yi karatu." Yaya ba ta san ko bihim ba, abin da na ce shi ne. Ta ƙulle 'yar tsanar da kayanta duka a tsumma tana hawaye, ta ce, "Hannuna ba ya iyawa. In kin zo ƙetare gulbi ki jefa."

Ban jefa ba. Wata bakwai suna ƙasan akwatina. Ba ni iya jera su, duk wadda ta gani ta san su, sai dai in saki labule in fiddo, in duba, in mayar. Ita kuwa duk mai zuwa daga Isa sai ta aiko shi da gaisuwa da addu'a, wai na tsamo ta daga wuta. Har ta sa maƙwabtanta biyu sun farfasa nasu.

Yanzu cikina ya tsufa. Yaya na nan tafe ta zauna mini wankan jego kwana arba'in, kuma ita za ta riƙe mabuɗin akwatin. In na kai su gulbi, asirina ya rufu, amma na hallaka abin da take so, har da na hannun kakarmu. In na faɗa mata, za ta san da sunan Allah na cuce ta, ita da ba ta taɓa shakkar maganata ba. Jama'a, mi za ni yi?