Jan Fegi Ga Lindsay Corrigan

Cikin alhini, da ɓacin ran da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Tsofaffin Ma'aikatan Ramin Yuraniyom na Kerrin Creek ke sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar dattijonta kuma amintaccen ɗanta, Mista Lindsay Corrigan, wanda ciwon huhu ya yi ajalinsa a wani asibiti a birnin Darwin.

Marigayin ya ƙarar da ƙarfinsa a gindin injin huda dutse, yana ɗibar garin da ke fitowa yana ɗurawa a jaka domin a auna yawan ma'adinin yuraniyom da ke ciki, in sakamako ya dawo kuma shi ke bi yana kafa fegi: ja ga dutse mai arziki da za a kai niƙa, fari ga wanda za a zubar a juji. Ni da nake dafa wa ma'aikatan ramin shayi ban taɓa sanin launin gashinsa ba, kullum yakan shigo kamar wanda ya faɗa buhun fulawa. In na ce, "Lindsay, rufe hancin nan mana, tsohon banza," sai ya ce, "Noeline, ai ƙurar ta fi kek ɗinki laushi." Ƙarya yake yi, bibbiyu yake ci.

Uwargida Beryl Corrigan, matar marigayin, ba ta roƙi komai ba illa a sassaƙa sunan mijinta a dutsen tunawa da mamatan ma'aikata da ke ƙofar ramin. Masu girma shugabannin kamfanin da ke da ramin, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, suka amsa cewa dutsen na waɗanda suka mutu a cikin shingen ramin ne kaɗai. Laifin Lindsay ke nan, bai yi hanzarin faɗuwa a bakin aiki ba, ya kwashi ramin a ƙirjinsa ya tafi da shi gida. Sun auna shi, sun kafa masa fari.

Ƙungiya na addu'ar Allah ya ba Uwargida Beryl da 'ya'yanta da jikokinta haƙuri da juriya. Mu ma ya ba mu, namu ya kusa ƙarewa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar. Kowane ɗan ƙungiya ya zo da jan fegi, daga maƙabarta mu wuce ƙofar ramin mu kafa su a gindin dutsen nan. A dokar aikin, wadda su da kansu suka shimfiɗa, ba a zubar da abin da aka kafa wa ja. Mai niyyar cirewa ya zo ya cire a gaban Beryl.

Uwargida Noeline Prendergast
Kakakin Ƙungiyar Tsofaffin Ma'aikatan Ramin Yuraniyom na Kerrin Creek