Bindigar da Alinader Ya Kawo Masiu

Masiu, bakin tafki

Yaya Rasmia,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya kasuwa, ya ɗanki Jalanie da karatun jami'a? Mu nan lafiya lau. Waya ta daina kamawa tun da ruwa ya kayar da ƙarfen sabis, shi ya sa na ba direban Iligan wannan takarda. Ga kwalbar yajin palapa da matata Norhata ta daka miki, ki yi hankali da yajin.

Yaya, shawara nake nema, ko da yake rabin zuciyata ta riga ta tafi. Wani dillali a Cagayan ya nuna mini bindiga 'yar ƙasar waje, irin ta gwanayen harbi na soja, mai madubin hangen nesa a kanta. Da lasisinta, sunana za a rubuta, babu ɓoye-ɓoye. Na gwada ta a filinsu. Kwakwar da ido ba ya iya gani sosai, harbi ɗaya na fasa ta. Ba ta cijewa kamar tsohuwar bindigar Baba, kuma duk ranar da ka tashi sayarwa ba ka faɗuwa. Aladun daji sun gama mana da rogon kan tudu. Kin kuma san gidan da ke da irin wannan, ɓarawo ba ya taɓa masa shanu.

Aibinta ma ba zan ɓoye miki ba. Nauyi gare ta, harsashinta sai an aiko daga Manila, in ta lalace kuwa babu maƙerin da zai iya da ita a duk Lanao. Sannan sai na jinginar da gonar bakin ruwa, wadda ke ma kina da gado a ciki. Ki yarje mini.

Ƙaninki,
Alinader

*

Iligan

Alinader,

Wa alaikumus salam. Palapa ta iso, a gode wa Norhata. Jalanie na gaishe ku.

Ban yarda ba. Ka jero aibinta ka tsallake babban. Lokacin da aka kashe Baba kana goye, ni na wanke jininsa a dandamalin gida. Gabarmu da gidan Hadji Salic sai da ta ci maza ta kowane ɓangare kafin dattawa su sa aka dafa Alƙur'ani aka ci abinci tare. Daga tudun rogonka ana hango ƙofar gidansu. Kai ka ce alade, su kuma me za su ce?

Alade tarko yake so da kare. Kuma ka san danginmu, abin da ya shiga gidan mutum ɗaya ya zama na kowa. Baffa Macabangon ranar sulhu ya ɗora hannu a kan Littafi, amma fuskarsa tana kallon tafki. Ina wurin, na gani.

Ka bar gonar nan inda Baba ya bar ta. Allah ya shirye ka.

Yayarka,
Rasmia

*

Masiu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma ba da haƙuri. Na saya. Rabona kaɗai na jinginar, naki yana nan ban taɓa ba.

Sai ki ga yadda gidan ya cika kamar ana suna. Har mutanen da ba sa amsa gaisuwata sun zo gani. Baffa ya zo da ɗansa Camar. Ya daɗe yana shafa ta, sannan ya ce, "Da ɗan'uwana yana da wannan, da yanzu yana raye." Camar kuwa ya kafa ido a madubin, sai da na karɓe da hannuna.

Ranar Juma'a a ƙofar masallaci Nasrodin, babban ɗan Hadji Salic, ya tare ni da murmushi.

"Mun ji ka yi baƙuwa," in ji shi.

Na ce, "Ta alade ce."

Ya ce, "To, Allah ya sa aladun su san haka." Ya gyara hularsa ya wuce.

Gaskiyar magana har yau ban kashe alade ko ɗaya ba. Cikin duhuwar ciyayi suke ɓullowa dab da mutum, kafin ka juya wannan doguwar aba sun ɓace. Sai dai in hau tudu da safe ina leƙe-leƙe da madubin. Gidan Hadji Salic sun ƙara wa katangarsu tsawo, matansu sun daina wanki a bakin ruwa. Norhata ta ce in daina hawa. Na daina.

Kada ki yi fushi da ni.

Alinader

*

Masiu

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ba ki amsa waccan ba, na san dalili.

Baffa ya aiko Camar ya ari bindigar, wai aladu sun addabi masararsu. Na ce lasisin sunana ne, doka ta hana. Sai ga Baffa da kansa, da sandarsa. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Ni na biya sadakinka, yau ƙarfe za ka hana ni?" Yaya, ke ma kin sani, ba a cewa Baffa a'a a gaban mutane. Na cire harsasan na ɓoye, na ba shi ita fanko. Ya yi dariya ya ce ba komai, ai shi ma ya san hanyar shagon dillalin nan.

Na je karɓowa, aka ce Camar ba ya nan. Na leƙa gonarsu. An girbe masarar tun tuni, ko kara babu.

In kina da wanda zai saya, zan sayar ko da faɗuwa. Ki sa mu a addu'a.

Alinader

*

Masiu

Yaya Rasmia,

Assalamu alaikum. Norhata ce.

An harbi Nasrodin shekaranjiya da hantsi, yana cikin kwalekwalensa a tsakiyar tafki. Ya rasu. Babu wanda ya ga maharbin, amma duk Masiu an san bindiga ɗaya ce harbinta yake kai wannan nisa. Camar ya ɓace. Baffa ya ce shi bai taɓa aron komai ba.

Alinader yana gida lokacin, a gabana. Ya je ƙofar Hadji Salic da Alƙur'ani zai rantse, ba su buɗe ba. Ya miƙa kansa ga 'yan sanda, ya ce can ya fi masa.

Direban da zai ba ki wannan ya ce jiya wasu mutum biyu sun tambaye shi wace jami'a Jalanie yake, da lokacin da yake fitowa.

Kada ki zo. Kada ki bari ya je aji.

Allah ya tsare,
Norhata