Gawayin Karan Dawa

Lahadi, 4 ga Muharram, 1365

Malamin daji ya zo Roni da takarda, ya ce an hana saran kirya. Gawayin da ya rage mini a maƙera bai cika kwando ba. Tun da ƙanena Sama'ilu ya tafi Kano, ni ne mai zuga, ni ne mai ƙira. Jiya matata Dela ta cika wata biyar da rasuwa. A tsaye na ci tuwo.

Talata, 6 ga Muharram

Na ce ice da kara ai duk tsiro ne. Na haƙa rami a gona, na cika shi da karan dawa, na sa wuta. Kafin in juya ya zama toka. Gara da ba kowa a wurin.

Juma'a, 9 ga Muharram

Ba wanda ya leƙo. An ce maƙwabcina Abu ya kai fartanyarsa Gwiwa gyara. Tun kakana gidansu ba su taɓa kai ƙarfe wani wuri ba.

Talata, 13 ga Muharram

Na gano inda na kuskure. Kara ba ya son iska. Yau na sassare shi gajeru, na danne shi sosai. Da wuta ta kama, hayaƙi ya tashi fari, na rufe da ɗanyen ganye da ƙasa, na bar 'yar ƙofa ɗaya. Da hayaƙin ya sirance na toshe ta. La'asar na tone: baƙi wuluk, ba toka. Na juya in nuna wa Dela.

Laraba, 14 ga Muharram

Ba shi da nauyi. Zuga ɗaya, duk ya tashi sama ya sauko mini a ka.

Asabar, 17 ga Muharram

Hamma Bafulatani ya same ni a bakin rami. Shekara tara shanunsa ke sauka a gonata bayan girbi, su ci kara, su bar mini taki. Wallahi na manta da shi. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Dunoma, abincin shanuna kake ƙonawa?"

Na ce kara nawa ne. Ya ce to taki ma nasa ne. Ya tafi bai yi mini tsokanar Barebari da ya saba ba. Wannan ya fi zagi ciwo.

Alhamis, 22 ga Muharram

Kwana biyar ban yi magana da kowa ba, sai amsa sallama a masallaci.

Asabar, 24 ga Muharram

Hamma ya dawo, wai gatarinsa ya dakushe. Ya damƙi gawayin, ya murje shi, ya hura, ya yi dariya.

"Babarbare dai Babarbare ne. Wa ke ajiye gari bai cura shi ba? Daka shi, ka kwaɓa da ɗanyen kashin shanu, ka cura kamar fura."

Na ce ban tambaye shi ba. Bayan ya tafi na ɗauko turmin Dela. Ban taɓa shi ba tun ranar da ta rasu.

Laraba, 28 ga Muharram

Curi arba'in suna shan rana a kan rumfa. Na ƙara ruwan ƙaro a rabi, in ga wanne zai fi ƙarfi. Hamma ne ya kawo kashin da kansa a tsohuwar ƙwarya, yana mita.

Litinin, 3 ga Safar

Ya yi. Masu ƙaron sun fi daɗewa a wuta. Bai kai kirya ba, yana ci da sauri, toka ta yi yawa, amma ƙarfe ya yi ja har ya karɓi masaba. Hamma ne ya zauna a kan zuga-zugi, ya ce kada in faɗa a ruga. Bai iya ba, hannu ɗaya na rigan ɗaya. Na gyara gatarinsa, muka ci gyaɗa, ya ba ni labarin wata saniyarsa mai taurin kai har azahar ta kusa wuce mu.

Alhamis, 6 ga Safar

Abu ya kawo lauje. Bai ambaci Gwiwa ba, ni ma haka.

Lahadi, 9 ga Safar

Hamma ya ce in kara ya ƙare a nan za su gangara kudu da shanun, sai damina. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Da safe na je in sare karan gonar gabas, rami ma na riga na haƙa. Na tsaya na duba, sai na ga wanda na tara zai kai ni wata guda in na yi tattali. Kuma gonar tana son taki, kowa ya sani. Na mayar da ƙasa cikin ramin.